Yadda na kwashe tsofaffin hotuna da kaset-kaset ɗin gidanmu zuwa kwamfuta

Da kaset-kaset na fara, duk da cewa hotuna sun fi yawa a cikin akwatin, kuma su 'yan'uwana suka fi ɗokin gani. Hoton takarda ko ya koɗe, ido kawai yake buƙata. Kaset kuwa bebe ne idan babu na'urarsa, na'urar kuma tana neman riga shi ƙarewa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna shi kuma, wato Funai, ya tsayar da aikin a 2016. Ke nan duk wata na'urar bidiyo da ta rage a duniya tsohuwa ce, robobinta suna bushewa, masu gyaranta suna raguwa, kayan gyaran ma sai dai a ciro daga jikin wata da ta mutu. Shi kansa zaren kaset ɗin siririyar leda ce da aka manna wa garin maganaɗisu da wani irin gam, kuma gam ɗin yana shan danshin iska a hankali har ya fara saki. Tun 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗin cewa akasarin abin da ba a kwashe daga irin wannan zare ba zuwa 2025 zai salwanta. Idan hukuma mai kayan aiki da ƙwararru tana cikin wannan fargaba, ina ga mai akwati ɗaya a ƙarƙashin gado?

Abin da na tarar a akwatinmu iri uku ne: manyan kaset na VHS, da ƙanana na kyamarar hannu da ake kira Hi8, waɗanda Sony ya fitar a 1989, da wasu 'yan mitsi-mitsi na MiniDV da suka zo a 1995. Kowanne da na'urarsa, babu wanda yake shiga ta ɗan'uwansa.

Kafin in kunna ko ɗaya, sai da na ɗaga kowanne a gaban haske na leƙa ta 'yar tagar da ke fuskarsa. Zare mai lafiya baƙi ne wuluk, a naɗe sumul. Wasu kuwa na ga fari-farin tabo a gefen naɗin, shi ne funfuna. Waɗannan na ware su gefe, kowanne a ledarsa, domin kaset mai funfuna idan ya shiga na'ura yana toshe kan da ke karanta hoton, sannan ya bar wa duk kaset ɗin da zai biyo baya cutar. Masu lafiyar kuma na ɓalle 'yar robar nan da ke gefensu, wadda idan babu ita na'ura ba ta yarda ta ɗauki sabon abu a kan tsoho. A ƙananan, ɗan maɓalli ne ake turawa. Aikin daƙiƙa biyu ne, amma shi ne tsakaninka da latsa jan maɓalli bisa kuskure a kan bikin iyayenka.

Na'urar VHS aro na yi. Ban sa mata kaset ɗin gidanmu ba sai da na gwada ta da wani tsohon kaset da babu wanda ya damu da shi, na ga ba ta tauna zare, tana kuma fitar da shi lafiya. Daga nan kowane kaset sai in tura shi har ƙarshe in dawo da shi farko kafin in kunna, don naɗin da ya shekara da shekaru a matse ya ɗan saki jiki.

Haɗin bai da wuya kamar yadda na yi zato. Akwai ɗan ƙaramin akwati da ake sayarwa mai shiga kwamfuta ta USB, wanda aikinsa shi ne mayar da hoton bidiyon zamanin da zuwa lambobin da kwamfuta take ganewa. Wayoyi uku ne suke fitowa daga bayan na'ura zuwa gare shi: ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na sauti. Wanda na'urarsa take da mahaɗar S-Video ya yi amfani da ita, don tana raba haske da launi, hoton ya fi fita tsaf. Manhajar ɗauka kuma OBS Studio na sa, kyauta ce. Abu ɗaya da dole a daidaita tun farko shi ne tsarin talabijin ɗin da aka ɗauki kaset ɗin a kai. A zamanin kaset, ƙasashe da dama na Turai da Afirka da Asiya suna kan PAL, mai layi 576 da hoto 25 a daƙiƙa. Amurka da Kanada da Japan suna kan NTSC, mai layi 480 da hoto kusan 30. Duk namu PAL ne in ban da guda ɗaya da wani ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, wanda sai da na canza saitin kafin ya daina rawa.

Ban yarda na kumbura hoton zuwa girman talabijin na zamani ba. VHS ɗan abin da ya riƙe ke nan, kusan layi 240 na tsabtar hoto, kuma faɗaɗa shi ba ya ƙara masa komai sai nauyin fayil. Na bar shi a siffarsa ta asali, mai kusan murabba'i, da baƙin fili a dama da hagu, don kada fuskoki su baje.

Sai kuma zama. Kaset ba ya kwafuwa da sauri irin na fayil. Mai awa uku, awa uku zai ci, kuma ba a tashi a bar shi, don wani lokaci hoton yakan fara tsage-tsage a ƙasa sai an murza maɓallin daidaita zare, wani lokaci sauti yakan fara riga leɓe. Da farko na ɗauka wannan zaman shi ne wahalar aikin. Ashe shi ne ribarsa. A wani kaset, bayan taron da aka rubuta a jikinsa ya ƙare, allo ya yi shuɗi na ɗan lokaci, har na kai hannu zan tsayar, sai ga hoto ya dawo. Wani ya ajiye kyamarar a kan tebur bai kashe ba. Ba a ganin komai sai ƙafar kujera da gefen labule, amma ana jin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana tambayar wa ya ɗauke masa tabarau, mahaifiyarmu tana dariya tana ce masa ai ga shi nan a goshinsa. Na yi shekaru ina ganin fuskarsa a bango, amma yadda yake jan ƙarshen magana idan yana neman abu ya riga ya fita daga kunnena. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: kowane kaset daga farkonsa har zare ya ƙare, ba yanka, ba tsallake. Wanda yake son gajeren bidiyo na rabawa sai ya yanka daga kwafi.

MiniDV shi ya fi sauƙi a ƙa'ida, domin abin da ke cikinsa tun asali lambobi ne. Ana kwashe shi ta wayar FireWire ba tare da asarar komai ba, kusan gigabait 13 a kowace awa. Matsalarsa kawai ita ce kwamfutocin yanzu ba su da wannan mahaɗa, don haka tsohuwar kwamfuta na nemo tare da kyamarar da ta ɗauke su.

Hotunan kuma wani fage ne daban.

Abin da ya fi ba ni tausayi su ne masu kala na wajen shekarun 1970 da 1980. Yawancinsu sun rine sun koma jaja-jaja. Hoton kala rini uku ne a jere, kuma ba sa koɗewa tare. Mai shuɗi-shuɗin nan yakan riga sauran gudu ko da a cikin duhu aka ajiye hoton, sai ja ya mamaye. Na baƙi da fari kuwa, waɗanda suka girme su da shekaru ashirin ko talatin, suna nan daram, domin da ƙwayoyin azurfa aka yi su. Saboda haka masu kalar na sa a gaba.

Da yawansu suna cikin albam ɗin nan mai shafi mai gam da leda a sama. Irin wannan albam mugun wurin ajiya ne. Gam ɗin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ya bar layi-layi a bayan hotuna, wasu kuma ya riƙe su gam. Kada a ja da ƙarfi. Zaren sakace haƙori, marar kakin zuma a jiki, shi na riƙa zurawa ta ƙarƙashin kusurwar hoton, ina ja dama da hagu a hankali, ina jin gam ɗin yana saki da ɗan ƙara-ƙara har hoton ya ɗago. Wanda ya ƙi, na ƙyale shi a wurinsa na ɗauki shafin gaba ɗaya. Haka ma wani hoto da ya manne wa gilashin firam ɗinsa, ban taɓa shi ba. Kafin in wargaza kowane albam ma sai da na ɗauki hoton kowane shafi da waya, domin yadda aka jera su labari ne. Wadda ta jera ta san dalilin da ya sa wannan yake kusa da wancan.

Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi na yi amfani da ita. Wanke hannu, a bushe shi, a riƙe hoto ta gefe, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, a goge gilashin da tsumma marar gashi. Ruwa ba ya zuwa kusa. Na saita ta a kan ɗigo 600 a kowane inci. Ɗigo 300 ya isa idan girman hoton kawai ake so a sake wankewa, amma mai son ya faɗaɗa fuska ɗaya daga cikin taro yana buƙatar 600, 'yan ƙananan hotuna irin na fasfo kuma 1200. Na ajiye na asalin a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai. Hoto mai santimita 10 da 15 yakan kai megabait 25 a haka. Daga shi na fitar da JPEG marar nauyi don rabawa. Na kashe duk wani gyaran kai-tsaye da sikanar take yi, kuma ko hoton baƙi da fari ne a yanayin kala nake ɗaukarsa, don launin tsufan takardar ma shaida ce.

Bayan hoto ma ina ɗauka, muddin akwai ko da ɗigon tawada a wurin. Nan ake samun hatimin mai ɗaukar hoto, da kwanan wata, da rubutun hannun mutanen da ba za su sake rubutu ba.

A cikin wasu ambulan na tarar da nagatif, wato guntayen fim ɗin da aka wanko hotunan daga jikinsu. Kada kowa ya zubar da su. Sun fi takardar riƙe bayani nesa ba kusa ba, kuma ana ɗaukar su a ɗigo 2400 zuwa sama da sikana mai fitila a murfi. A cikinsu na samu hotunan da babu takardarsu a ko'ina cikin dangi. Manyan hotunan bango da ba sa shiga sikana kuma da waya na ɗauka, kusa da taga, ba filash, wayar a saitin tsakiyar hoton. Manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 tana taimakawa wajen kawar da ƙyallin gilashi, don hotuna da dama take ɗauka ta haɗe su.

Na gyara launin wasu, amma a kan kwafi kaɗai. Abin da na ƙi shi ne manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da suke cewa za su sabunta tsohon hoto. Ƙanwata ta gwada ɗaya a kan hoton kakarmu. Abin da ya fito mace ce kyakkyawa, fata sumul, idanu tar, amma ba kakarmu ba ce. Inda hoton ya dushe, manhajar ba ta san abin da ke wurin ba, sai ta cike da abin da ta saba gani a fuskokin wasu. Yaron da bai taɓa ganin kakar ba zai tashi da fuskar baƙuwa a zuciyarsa. Gara dushi-dushin gaskiya.

Ina tsakiyar wannan aiki na lura da cewa akwai abin da ya fi kaset saurin tafiya. Hotuna sun taru a kwamfuta, fes-fes, amma kusan duk na baƙi da farin ban san ko su wane ne a ciki ba. Mahaifiyarmu ta san danginta. Na ɓangaren mahaifinmu kuwa, mutum ɗaya ce ta rage da ta ga mutanen da idonta, ƙanwarsa. Na ajiye sikana na ɗauki kwamfutar na tafi wurinta.

Kowane hoto na riga na ba shi lamba. Na nemi izininta na kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, sai in faɗi lambar da ƙarfi kafin in nuna mata, don in iya haɗa magana da hoto daga baya. Idonta ya yi rauni, ƙaramin hoto ba ta ganinsa sosai, amma da na cika allon da fuska ɗaya sai ta matso.

"Goggo, kun gane wannan?"

Ta daɗe tana kallo. "Kai, ɗan nan, ina ka samo ta? Ai ƙanwar kakarku ce. Matsar min da shi gefe in ga wanda ke bayanta."

A gefen hoton akwai wani yaro da rabin jikinsa kawai ya fito, wanda a takarda bai fi ƙwayar ido girma ba. Na faɗaɗa shi. Ta dafe baki ta ce babanku ke nan, an hana shi shiga hoton ne don bai sa takalmi ba, shi ne ya laɓaɓo. Babu inda aka rubuta wannan, kuma babu wanda ya sani sai ita.

Na koyi kada in katse ta. Idan na tambayi shekara, sai ta ce ba ta riƙe ba. Idan na bar ta ta yi ta labari, sai ta ce ai lokacin tana goyon ɗanta na biyu, ni kuma na san shekarar haihuwarsa. Wani hoton kalandar da ke rataye a bango ce ta raba gardama, da na faɗaɗa ta sai ga 1983 ɓaro-ɓaro. Inda maganarta ta saɓa da ta Kawu, na rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa, ban zaɓi ɗaya ba. Ba na wuce ɗan lokaci kaɗan a kowane zama, domin wasu hotunan suna tayar mata da abin da ya kwanta, in na ga idonta ya kawo ruwa sai mu rufe mu koma hira. Duk da haka akwai fuskokin da ita ma ta girgiza kai ta ce sai dai yayarta, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Waɗannan na tara su a folda guda, ban goge ko ɗaya ba, ko Allah zai sa wani daga dangi na nesa ya gane su.

Da zan ba wani shawara a kan jerin aikin, zan ce ya ɗauki hotunan da waya ko yaya suka fito, ya kai wa dattawan gidansu a makon farko. Sikana za ta jira.

Sunan kowane fayil na fara shi da shekara, sai wata, sai rana, sannan taƙaitaccen bayani da lamba. A haka kwamfuta da kanta take jera su daga na da zuwa na baya-bayan nan. Inda shekarar ƙiyasi ce sai in sa "wajen" a gaba. Cikakken bayanin, wato su wane ne daga hagu zuwa dama, a ina, wa ya faɗa, yana cikin jadawali guda da na ajiye tare da hotunan, na kuma buga shi a takarda.

Batun ajiya kuwa, ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita na bi: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ɗaya yana kwamfutata, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ke gidan yayana, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Babu wanda na yarda da shi shi kaɗai. Rumbu yana mutuwa ba sallama, filash na USB yana iya zubar da abin da ke cikinsa idan ya daɗe a ajiye ba a sa shi a wuta ba, faifan DVD da aka ƙona a gida rininsa yana lalacewa. Kamfanonin intanet kuma suna canza sharuɗɗansu. Google Photos da ya yi shekaru yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka ya daina a watan Yunin 2021, ya mayar da kowa cikin gigabait 15.

Wajen rabawa, na roƙi 'yan'uwa kada su ɗauki abin da ke yawo a WhatsApp ko Facebook a matsayin ajiya, domin suna matse hoto su rage shi. Wanda yake son cikakke ina tura masa a matsayin fayil. Na kuma tambayi duk wanda yake raye kafin hotonsa ya fita daga cikin gida. Wata innarmu ta ce akwai guda biyu da ba ta so kowa ya gani sai 'ya'yanta. Haƙƙinta ne, na cire su daga foldar kowa da kowa.

Na asalin duk suna nan, ban zubar da ko yagaggen hoto ba. Na cire musu robar ɗaure kuɗi da ƙarfen maƙale takarda da salatif, na sa su a ambulan da kwalaye marasa sinadarin asid, a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, a ɗage daga ƙasa, nesa da bango mai danshi da hasken rana. Ban yi wa ko ɗaya laminatin ba, don zafinsa da gam ɗinsa ba sa warwaruwa. Lambar kowane hoto da fensir mai laushi na rubuta a bayansa, ba da biro ba. Kaset-kaset ɗin kuma a tsaye suke, a cikin gidajensu, an mayar da zarensu farko.

Masu funfunar nan har yanzu suna ledarsu, ina neman ƙwararren da zai buɗe su ya share zaren da hannu kafin a kunna. Kalmar sirrin ma'ajiyar intanet da bayanin inda komai yake na rubuta su na damƙa wa 'yar ƙanwata, wadda ita ta fi kowa zama kusa da ni lokacin aikin. Mun yi da ita cewa duk shekara za mu jona rumbunan mu buɗe fayiloli mu tabbatar suna aiki, kuma duk bayan 'yan shekaru mu kwashe komai zuwa sabon rumbu.